Shaidar da Na Bayar a Kan Kwaɗon Hajiya Dije

Har gobe ban manta da ranar Talatar da aka kira ni kasuwar hatsi in duba wani kwaɗo ba. Tun da kun ce in ba ku labari guda daga shekarun aikina kafin in tattara kayana in koma gida, wannan zan ba ku. Ba shi ne aikin da na fi nuna bajinta a cikinsa ba. Shi ne dai wanda ya fi zama mini a rai.

Lokacin ina shekara ta goma sha ɗaya a sashen ayyuka. Ga waɗanda ba su san tsarinmu ba, leburori ne a ƙasa, sai masu sana'a, wato kafintoci da magina da masu gyaran famfo, sai helma mai kula da kowace ƙungiya, sannan foman a samanmu duka. Foman ne ke kai magana wurin shugaban sashe, ba a tsallake shi. Ni kafinta aka ɗauke ni, amma da yake gidanmu gidan maƙera ne, duk abin da ya shafi kuba ko sakata ko kwaɗo ni ake turawa. Da haka sunana ya koma Iliya Mai Makulli, Iliyasun ya tsaya a takarda.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da hannu yake ƙera kuba. Yawancinku ba ku riski irin ƙyauren zaurukan cikin birni na da ba, masu kaurin da sai mutum ya sa kafaɗa kafin ya tura. Makullinsu ya kai tsawon tafin hannu, idan yana aljihun dattijo sai ka ga rigar ta rinjaya gefe guda. Ina zaune gefen maƙera nakan ga mahaifina ya yini yana goga haƙoran makulli ɗaya da magagari, ya gwada, ya cire, ya ƙara gogawa. Ko ya so ya yi biyu iri ɗaya sak, hannunsa ba zai ba shi ba. Da wannan na tashi, cewa kowane kwaɗo da nasa makullin, babu mai buɗe na wani. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko haka abin yake ga kwaɗon da inji ke zubowa dubbai a rana ba.

Akwai wata 'yar kasuwar hatsi a cikin ganuwa, ba nisa da Ƙofar Gayan, wadda kula da gine-ginenta ke hannun ofishinmu. A shekarar aka rushe tsofaffin rumfunan ƙasa, aka gina sito arba'in na bulo, layi biyu suna kallon juna, ishirin hagu ishirin dama, da wani tsohon rimi a bakin layin. Duk ƙofofin fenti ɗaya aka yi musu, kore. Ba a kai ga rubuta lamba ba aka janye mai fentin zuwa wani aikin, saboda haka kowa da ƙirge yake gane nasa.

Fomanmu na lokacin, Alhaji Tanimu, shi ya sayo kwaɗunan. Masu ruwan zinare ne, da nauyi a hannu, ga sheƙi, wanda ya gani zai ce sun yi. Kowanne da makulli uku. Ƙa'idar da aka kafa ita ce, biyu na mai sito, na ukun a ajiye cikin akwatin ƙarfe a ɗakin maigadi, ko da gobara za ta tashi ko rufi ya yi yoyo mai sito ba ya nan. Ni na ɗaura su cikin kwana biyu. In buɗe fakiti, in sa ɗaya a wannan layi, in tsallaka in sa na gaba a ƙofar da ke kallonta. Kowanne na gwada shi da makullansa uku, ya buɗe, ya rufe, na wuce.

Maigadin kasuwar shi ne Baba Ramalan. Tun ina yaro ana aikena awo yake wurin. Dogo ne siriri, ba ya da yawan magana, yakan iso bayan la'asar da butarsa da buzunsa, ya zagaya ƙofa ƙofa yana jijjiga kwaɗo, sannan ya zauna gindin rimi kafin a kira magariba. Ya san kowane ɗan dako da sunan ƙauyensu. A unguwarsu kuwa, wanda zai yi doguwar tafiya wurinsa yake barin makullin gidansa, ba wurin ɗan'uwa ba.

Wata biyu da buɗe sababbin sitocin abin ya faru. Akwai wata dattijuwa, Hajiya Dije, wadda ta riƙe cinikin dawa da gero tun rasuwar mijinta, da shi ta aurar da 'ya'yanta. Mace ce mai kaifin baki, amma ba a taɓa kama ta da tauye mudu ba. Sitonta shi ne na uku daga rimi a layin hagu. Ta tafi biki ƙauye ta yi mako guda, ta dawo ranar Talata ta buɗe sito, ta tarar buhu goma sha biyu na dawa babu. Kwaɗo yana rufe yadda ta bar shi. Rufi lafiya, bango lafiya.

Da hantsi aka aiko mini. Na tarar an shimfiɗa tabarmi gindin rimi, ga sarkin kasuwa, ga Alhaji Tanimu, ga akawun ofis da littafinsa, 'yan kasuwa sun kewaye. An taso Baba Ramalan daga gida, yana tsugune gefe. Hajiya Dije na tsaye, ta ƙi zama.

Foman ya miƙo mini kwaɗon ya ce, "Iliya, duba mana wannan. An ɓalle shi?"

Na juya shi, na duba bakinsa da hannunsa. Na ce, "Ba a ɓalle shi ba, Yallaɓai."

"An sa masa waya ko wani ƙarfe?"

Idan an yi wa kwaɗo dabara da waya, yawanci za ka ga ƙarzuwa a bakin ramin makullin. Na haska da kyau, babu. Na ce, "Ba alama. Da makulli aka buɗe shi."

Sarkin kasuwa ya ce, "To Malam Iliya, makullin wani zai iya buɗe shi?"

A nan ne na yi abin da nake ba ku labari dominsa. Ban ce ban sani ba. Ban ce a ba ni lokaci in gwada ba. Jama'a sun zuba mini ido suna jirana, ana ce mini Mai Makulli, ga shi ni na ɗaura kwaɗon da hannuna. Na ce, "Ranka ya daɗe, kowane kwaɗo da nasa. Makullansa uku ne, babu na huɗu."

Hajiya Dije ta kwance bakin zanenta ta ɗaga makulli biyu sama. Ta ce, "Ga nawa, da su na tafi, da su na dawo, ko wanka zan shiga suna jikina. To na ukun yana hannun wa?"

Duk idanu suka koma kan Baba Ramalan. Ya ɗago a hankali ya ce, "Na ukun yana akwati, ban taɓa shi ba tun ranar da aka ba ni. Sai dai ranar Juma'a da na iso, na ga sawun mota a tsakiyar layi, da tsabar dawa a zube wajen nan."

Wani daga cikin taron ya ce, "Baba, kasuwar hatsi ce, wace rana ce ba a ganin sawun mota da tsabar dawa?" Aka yi 'yar dariya. 

Akawu ya rubuta bayanina, ya karanta mini, na sa hannu. Kashegari aka ba Baba takardar tuhuma, wadda muke kira kweri, aka dakatar da shi har sai an gama bincike, aka ɗauko akwatin makullan aka kawo ofis. Sarkin kasuwa ya roƙi Hajiya kada ta kai maganar wurin 'yan sanda saboda tsufan Baba, ta yarda da ƙyar. Kwaɗon da makulli ɗaya aka ba ni in ajiye a matsayin shaida, na jefa su cikin akwatin kayan aikina, na sa mata wani.

Kun san cikin birni, lungu ɗaya ya ji, duk sun ji. Cikin makon nan na ji cewa Baba ya daina zama majalisar ƙofar masallaci, yana idar da salla yake saɓa takalmi. Na kuma ji cewa wani maƙwabcinsa da ya bar masa makullin gida ya aiko daga Kaduna a karɓo. Raina bai yi mini daɗi ba, amma na ce wa kaina ai gaskiya na faɗa, ba ni na ce ya ɗauka ba.

Kwana tara bayan haka na dawo daga aiki da yamma na tarar da maiɗakina, Binta, tsaye bakin ɗakin girki ranta a ɓace. Ta kulle ta shiga maƙwabta barka, makullin ya salwanta a hanya, ga tukunya da kayan miya da sauran makullan duk a ciki. Kwaɗon irin na kasuwa ne sak, don da na ga sheƙinsa na sayi ɗaya a wani kanti na kawo gida.

Ta ce, "Malam, sai ka ɓalle shi kawai, yara sun fara kukan yunwa."

Na buɗe akwati zan ɗauko guduma, sai hannuna ya faɗa kan makullin Hajiya Dije. Wallahi cikin wasa na ce mata, "Bari mu ga ko na Hajiya zai tausaya miki." Na zura, na murɗa. Kwaɗo ya ce ƙyas, ya buɗe.

Binta ta yi guɗa ta shige ta hau hura wuta. Ni kuwa na tsaya bakin ƙofar da kwaɗon a hannu. Na rufe, na sake buɗewa, har sau huɗu. Ta leƙo ta ce, "Lafiya? Ka tsaya kamar an yi maka rasuwa." Na ce mata, "Binta, ina jin na zalunci tsoho."

Kafin a kira magariba na sa zarto na yanka kwaɗon gidana biyu. Bari in yi bayani saboda sababbin cikinmu. A cikin kwaɗo akwai wasu ƙananan ƙarafa, muna ce musu fil, kowanne da tsawonsa, da sifirin, wato 'yar murɗaɗɗiyar waya, yana danne shi. Haƙoran makulli su ke ɗaga su, idan kowanne ya tsaya daidai inda ya kamata sai cikin ya juya. Yawan fil da yawan bambancin tsawonsu, shi ne yawan makullai daban-daban da kamfani zai iya fitarwa. Idan sun ƙare, sai ya koma farko ya maimaita. Kwaɗo mai kyau yakan zo da fil biyar ko shida, kafin ka haɗu da tagwayensa ka sha yawo. Wannan da na yanka, duk nauyin nan da sheƙin nan, fil uku ne a ciki, kuma sako-sako suke, ko makullin da ya yi kusa ma zai iya ɗaga su.

Da sassafe na riga kowa zuwa ofis. Na karɓi akwatin makullan Baba a hannun mai kula da siton ofis, na zazzage su kan benci. Kowanne da 'yar takarda mai sunan mai shi. Na riƙa haɗa su biyu-biyu ina ɗagawa sama ina duba haƙoran, mai kama da wani in ajiye su tare. Makulli arba'in, na ƙare da tsibi tara. Tsibin da na Hajiya Dije yake ciki, su biyar ne. Na gwada su a kwaɗonta da ke hannuna, dukkansu suka buɗe. Da na karanta sunayen, ɗaya na Alhaji Balarabe ne, mai sito na uku daga rimi a layin dama, ƙofa da ƙofa da na Hajiya. Daga fakiti ɗaya na ciro kwaɗunansu. Sai maganar sawun motar nan ta faɗo mini.

Alhaji Tanimu na shigowa na bi shi ofis na jera masa makullan a tebur. Ya gwada da kansa, ɗaya bayan ɗaya. Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Tura ƙofar nan." Na tura.

Ya ce, "Wa ka gaya wa?"

"Ba kowa, Yallaɓai."

"To ya tsaya nan. Ka san irin kwaɗon nan ya cika gari? Yau maganar nan ta fita, kafin gobe duk wani zauna-gari-banza mai irin makullin nan zai zo gwada sa'arsa a ƙofar sitocin mutane. Sannan wa ya sayo su? Ni. Za mu canza su a hankali, biyar-biyar, mu ce sun fara tsatsa."

Maganarsa ta farko gaskiya ce, ban musa ba. Na ce, "Yallaɓai, Baba Ramalan fa?"

Ya ce, "In ƙura ta lafa sai a mayar da shi aiki, a ce ba a sami hujja ba."

Na ce, "In aka ce ba a sami hujja ba, har ya mutu ɓarawo ne wanda ba a kama ba. Kuma da bakina aka ɗaure shi. Akwai sa hannuna a littafin akawu cewa babu makulli na huɗu. Zan rubuta takarda in janye wannan bayani, ta hannunka za ta bi, amma sai na rubuta."

A shekara goma sha ɗaya ban taɓa mayar masa da magana ba. Ya dube ni ya ce, "Fita." Na fita, na tabbata canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye ya same ni.

Bayan azahar ya aiko a kira ni. Ashe ya je wurin shugaban sashe da kansa ya faɗi komai, har da cewa shi ya zaɓi kwaɗunan saboda araha. Ya ce, "An ba mu kwana biyu. A canza duka arba'in tukuna, sannan a yi magana. Ka yarda da wannan?" Na ce na yarda. Allah ya jiƙan Alhaji Tanimu. Yana da zafi, amma idan gaskiya ta tsaya masa a gaba ba ya kewaye ta.

A wannan karon ni na je na zaɓo, na sa aka yanka ɗaya a gabana na ƙirga fil ɗinsa. Da muka kawo ofis na jera su kan benci, na ɗauki makullin kowanne na bi sauran talatin da tara da shi. Yatsuna har suka yi kanta. Ko cikin masu kyaun sai da na sami biyu da suke buɗe juna, aka mayar da ɗaya aka canzo. Muka ɗaura su, muka kuma sa aka nemo mai fenti ya rubuta lamba ƙatuwa a kowace ƙofa.

Ranar da muka gama, ni da foman da sarkin kasuwa muka tafi gidan Alhaji Balarabe. Ba ya gari, ya tafi fatauci Legas tun kafin abin ya faru, kuma lokacin wayar hannu ba ta yawaita ba balle a kira shi. Ƙanensa, Malam Yusha'u, ya fito mana zaure. Da aka tambaye shi ko an taɓa sitonsu cikin kwanakin nan, ya ce, "Ƙwarai. Kafin Yaya ya tafi ya bar wa wani direba, Lado, makulli, ya ce ranar Juma'a ya kwashi buhu goma sha biyu na dawa ya kai wa wani mai saye Kaduna. Ya kai, har ya dawo mini da makullin."

Sarkin kasuwa ya ce, "Ka leƙa siton tun daga ranar?"

"A'a, ba abin da ya kai ni."

Muka ɗunguma kasuwa aka buɗe siton Alhaji Balarabe da sabon makulli. Buhunan dawa suna nan jibge har rufi, ba a taɓa ko ɗaya ba. Aka aika tasha aka samo Lado. Sarkin kasuwa ya tsayar da shi gindin rimi ya ce, "Nuna mana ƙofar da ka buɗe." Bai yi wata-wata ba ya ƙirga ɗaya, biyu, uku a layin hagu, ya dafa ƙofar Hajiya Dije.

Aka ce masa ba ita ba ce. Ya ce, "Haba, ranka ya daɗe! Alhaji ya ce mini na uku daga rimi. Na ɗan yi shakka da na ga layi biyu, sai na ce bari in gwada, in ba nan ba ne ai ba zai buɗe ba. Ina sawa ya buɗe. To me zan ce?"

Ba abin da zai ce kuwa. Da rana tsaka ya zo, ana haramar tafiya masallacin Juma'a, da 'yan dakonsa daga tasha. Sai a lokacin mutane suka fara tunawa. Mai shayi ya ce ya ga motar. Wani mai awo ya ce har sannu ya yi musu. Ba wanda ya kula da wace ƙofa ce, domin sun ga mutum ya ciro makulli daga aljihu ya buɗe hankali kwance.

Kashegari aka sake taro gindin rimi. Na jera tsofaffin kwaɗuna biyar kan tabarma, na ɗauki makullin Hajiya na buɗe su ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa. Sannan na miƙe na ce bayanin da na bayar ranar Talata kuskure ne, na faɗi abin da ban gwada ba. Akawu ya rubuta, na sa hannu a ƙasan wancan. Malam Yusha'u ya sa aka tsallaka da buhu goma sha biyu daga sitonsu zuwa na Hajiya, magana ta ƙare a nan.

Hajiya Dije ba ta ko kalli buhunan ba. Ta gyara mayafi ta ce mini, "Kai ɗan nan, ka san gidansa? Wuce mu je."

Muka bi lungu, tana gaba ina baya. Muka sami Baba a zaurensa yana gyaran igiyar guga. Ya rame. Matar da ban taɓa ganin ta rusuna wa kowa ba ta durƙusa a bakin zaure ta ce, "Malam Ramalan, na ɗora maka abin da ba ka yi ba, a gaban jama'a. Ka yafe mini domin Allah." 

Ya ce, "Tashi, Hajiya. Dukiyarki ce ta ɓata, dole ki nema. Na yafe."

Ni ma na tsuguna na ce, "Baba, ni ne na ce babu makulli na huɗu."

Ya ci gaba da murɗa igiyarsa, ya ce, "Iliya, na san mahaifinka. Da aka ce ɗansa ne zai duba kwaɗon, sai na ji sanyi, na ce yau gaskiya za ta fito. Da ka yi magana, ni kaina sai da na koma gida ina tambayar kaina ko barci ya taɓa sace ni wani ya ɗauki makullin." Ya ɗago ya dube ni. "Ka ga nauyin bakin mai sana'a? Har ni na yarda da kai a kaina."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai hawaye suka zubo mini. Ya ce, "Share fuskarka. Wani da ya gano sai ya yi shiru. Allah ya yi maka albarka."

An janye takardar tuhumar, ya koma aiki ranar Litinin. Abu ɗaya ya ƙi, akwatin makullan. Ya ce a bar shi ofis, shi gadi aka ɗauke shi. Ya ƙara shekara shida a kasuwar kafin ƙafa ta hana shi. Duk ranar da aiki ya bi da ni wajen da yamma nakan tsaya mu gaisa, ya tsiyaya mini shayi a murfin flas, mu yi hirar mutanen da, bai taɓa tayar da maganar ba ko sau ɗaya.

Yanzu zamani ya canza. Kuna da injin yankan makulli, minti biyu an fitar da wani. Na ji ma ana iya yanka shi daga hoton waya, don haka ku daina barin makullan ofis a kan tebur. Har ƙofa mai lambobi da mai kati na gani kafin in bar aiki. Ban ce ku ƙi su ba. Amma duk abin da aka ce muku babu irinsa, ku ɗauka akwai, ku nemo shi da hannunku kafin wani ya samo. In an kawo kwaɗuna da yawa wuri ɗaya, ku bi kowanne da makullin kowanne, ko zai ci muku yini. Ku yanka ɗaya ku ga cikinsa, nauyi da sheƙi ba su ne tsaro ba. Kuma ku riƙe cewa kwaɗo bai san mai shi ba, haƙora kawai ya sani. In kun ga baƙo da makulli a hannu, ku yi masa sallama ku tambaye shi wa ya aiko shi, wannan ba rashin kunya ba ne.

Abu na ƙarshe ya fi waɗannan duka. Wata rana za a tara jama'a, a miƙo muku wani abu a ce ku ne masana, ku faɗa. Za ku ji kunyar cewa ba ku sani ba, ni ma ita na ji. Kafin ku buɗe baki, ku duba gefe, akwai wanda yake tsugune yana jiran abin da za ku ce. Ku ce a ba ku kwana ɗaya ku gwada. Ba a taɓa korar ma'aikaci don ya nemi kwana ɗaya ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ku kuma Allah ya ba ku ikon riƙe amanar ƙofofin mutane.